Bashin Karatun 'Yata da Na Ɓoye wa Iyalina

Lokacin da abin ya fara ina da shekara hamsin da ɗaya, ina aikin lodi a wani sito a hanyar McLeansville, muna zaune nan ƙasar waje a gidan haya a East Greensboro da matata da 'ya'ya uku. Ana ganin girmana cikin mutanenmu na nan. In an yi suna ko rasuwa, ni ake sa wa tattara gudummawa. Babbar 'yata ta samu shiga jami'a, tallafin da aka ba ta bai isa ba, sai aka ce min akwai bashin gwamnati da iyaye ke ci da sunansu. Na sa hannu ta kwamfuta, shekara huɗu a jere. Na san bashi ne mai ruwa, shi ya sa ban faɗa wa kowa a masallaci ba, ko matata ba ta sani ba. 'Yar kuwa na ce mata ta yi karatunta kawai, sauran nawa ne.

Bayan ta gama na yi shekara guda ina biya. Sai ciwon baya ya kama ni, likita ya hana ni ɗaga kaya, aka mayar da ni bakin ƙofa ina duba takardun motoci, kuɗin obataim, wato na ƙarin lokacin aiki, ya tafi. Abin da nake samu ya koma iyakar haya da cefane da ɗan abin da nake aika wa mahaifiyata a Zariya. Na tsallake biyan bashin wata ɗaya da niyyar haɗawa, ɗaya ya zama goma. Wasiƙu suka yi ta zuwa, na daina buɗewa, ina tura su ƙarƙashin kujerar mota. Lambar da ban sani ba, ba na ɗauka.

Duk shekara in mun cike takardun haraji ana mayar mana da wani abu, kuma na yi wa matata alkawarin da shi za ta je gida ta ga mahaifinta, wanda ta yi shekara tara ba ta gani ba. A shekarar kuɗin bai shigo ba, an riƙe shi kan bashin. Na ce mata jinkiri ne daga can. Bayan wasu watanni manajanmu ta kira ni ofis, ta nuna min takarda cewa za a fara yankar albashina kafin ya iso hannuna. Ta ce ita ba ta da yadda za ta yi. Na koma bakin ƙofa na zauna, motoci na shiga ban ma iya karanta takardunsu ba.

'Yata ce ta gano. Ta ari motata ranar Asabar, ta dawo da leda cike da wasiƙun, ta zube su a tsakiyar falo gaban mahaifiyarta. Ta yi ta magana da Turanci, can ta juyo da Hausarta da ba ta gama nuna ba ta ce, "Baba, duk wannan saboda ni ne?" Na ce a'a, amma na kasa kallonta. Matata ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni kawai ko kuɗin tafiyarta ma nan suka tafi, na ce e, ta tashi ta shiga kicin.

Ranar Litinin 'yar ta ɗauki hutu a wurin aiki muka kira masu bashin. An ce hanya biyu ce. Ko in yarda da biya sau tara a kan lokaci, gwargwadon abin da nake samu, a cire ni daga jerin waɗanda suka kasa biya. Ko a haɗe bashin ya zama sabo, ya fi sauri, amma ruwan da ya taru ya hau kan uwar kuɗi. 'Yar ta roƙi a mayar da bashin sunanta, aka ce ba a yi. Wani lauya mai taimako kyauta ya ce da wuya kotu ta yafe irin wannan bashi, kuma ko kuɗin ritayata ana iya taɓawa. Muka zaɓi biya tara. Na yi bakwai, an daina yankar albashin, amma abin da ake bina yanzu ya fi abin da na ci. Surukina ya rasu a wata na uku da fara biyan, matata ta yi zaman makoki ta waya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne matar da ta amsa mana waya ta ce da na kira tun watan farko, da an duba samuna an rage min. Don haka ɗan'uwa, kafin ka sa hannu, ka zauna da iyalinka ku karanta tare. In wasiƙa ta zo ka buɗe ta a ranar, ko da ba ka da ko sisi. Ni na tsare mutuncina a idon mutane, matata ce ta biya, kuma abin da ta rasa ba ni da hanyar mayar mata.