Kwalin da Kawu Ya Ce In Ƙona

Shekarun baya, ina sabon fara aiki a jami'a a nan Greensboro, kawuna ya ba ni wani aiki da na yi ta ja masa rai a kai.

Kawun nan ya daɗe a garin. Ya yi aikin sito, ya yi tuƙin tasi, amma a gida marubucin waƙa ne. Da ajami yake rubutawa a littattafan 'yan makaranta, waƙoƙin wa'azi da na kewar gida. Duk Lahadi bayan la'asar zai zauna a falo ya rera, matarsa, wadda muke kira Anti, tana kicin tana karɓa masa amshi, ko leƙowa ba ta yi. Ni kuwa tuwo ke kai ni. Da Allah ya yi wa Anti rasuwa, Kawu bai sake rerawa ba.

Da 'yarsa ta matsa masa ya bar gidan hayarsa na Gate City Boulevard ya koma wurinta a Summerfield, ni na je taya shi haɗa kaya. Can ya miƙo mini wani kwali cike da littattafan. Ya ce akwai sunan Allah a kowane shafi, ba a kai su bola, kuma a nan ka hura wuta a bayan gida sai 'yan kwana-kwana sun zo. In kai gidan abokina a Pleasant Garden, mai faɗin fili, in ƙona. Na ce haba Kawu, waƙoƙin naka?

"Wa zai amsa?" ya ce, ya ci gaba da naɗe dardumarsa.

Na sa kwalin a but ɗin mota. Kullum ya kira sai in ce iska ta yi yawa, ko abokina ya yi tafiya. Raina ba ya so, amma ba ni da hujja, kuma dabarun nawa sun fara ƙarewa.

Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta ce marubucin waƙa na hukuma zai zo laburare ranar Asabar, kowa ya kawo waƙa da harshensa. Ashe hukuma kan zaɓi marubuci ɗaya ta naɗa shi, ya riƙa zagaya makarantu da laburare. Ni da ba na barin gardama ta wuce, na saki baki. Na ce a zamanin nan da kowa ke da waya, wa yake bukatar a naɗa masa mawaƙi? Mu da muka fito daga inda mawaƙin gwamnati ke wasa gwamna har ya manta ba ruwa a famfo, mu za a nuna wa? Ta yi dariya ta ce in je in gani.

Wallahi ba waƙa ce ta ja ni ba, na dai ga hanyar ƙara wa kwalin kwana. Na roƙi Kawu ya rera ɗaya kafin a ƙona. Ya ce shi bai yi wa gwamna waƙa a gida ba, ba zai fara da tsufansa ba. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin daga laburaren mu wuce Pleasant Garden tare, a ƙona a gabansa, don ya gane ina masa wasa da hankali.

Ga inda za ku yi mini dariya. Na biya banki na canzo sababbin 'yan dala ɗai-ɗai na cika aljihu, wai kada mawaƙin hukuma ya fara kirari a ga 'yan Arewa ba su yi liƙi ba. Muka shiga, sai ga wani siririn dattijo da tsohuwar kwat da ɗan abin ƙara ji a kunne, ashe shi ne marubucin, shi da kansa yake jera kujeru. Ba makaɗa, ba 'yan rakiya. Ya karanta wata gajerar waƙa a kan mahaifiyarsa da ta yi aiki a masaƙa, ko sunan gwamna bai ambata ba. Na danna aljihuna don kada ya yi tudu.

Da aka zo kan Kawu, ya miƙe, ya buɗe littafi, ya yi bismilla. Muryar ta ɗan shaƙe, amma tana nan. Ya kai ƙarshen baitin farko ya tsaya, kansa a sunkuye. Mutane suka ɗauka ya gama, suka fara tafi. Ni ina gefe ina ɗaukarsa a waya. Na san abin da yake jira sarai, amma kunya ta hana ni buɗe baki a gaban baƙi. Na ga ya fara rufe littafin.

Sai dattijon nan ya ɗaga hannu, tafi ya tsaya. Ya ce wannan waƙa ba ta ƙare ba, mutumin nan jiran wani abu yake. Ya dube ni ya tambaya ko me yake jira. Na ce a wurinmu mai waƙa ba ya tafiya shi kaɗai, bayan kowane baiti akwai layin da ake amsa masa, kuma matarsa ce take amsawa. Bai tambayi inda take ba. Ya matso da kunnen nan mai na'ura kusa da bakin Kawu, ya ce a koya masa.

Layin gajere ne: "Gida da nisa, Allah na kusa." Sau uku yana ɓata shi, sannan ya juya ya koya wa ɗakin gaba ɗaya. Hausar ta sha wuya ranar, sai ka ce ana tauna tsakuwa. Amma Kawu ya sake buɗe littafin, ya rera har baitin ƙarshe, duk inda ya tsaya ɗakin ya karɓa. Wajen baiti na biyar na sauke wayar na shiga cikinsu, hawaye na zubo mini.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka iso mararraba. Na tambaye shi a hankali ko Pleasant Garden ɗin za mu.

"Ɗana, shekara nawa kana cin tuwon Anti kana jin amshin nan? Ka tsaya ɗaukar hoto, sai da mai rabin kunne ya amsa mini." Ya juya yana kallon titi. "Kai ni gida. Ka shigo da kwalin, kuma Lahadi ka zo."

Na je, kuma ban fasa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Har yau in aka tayar da maganar ko muƙamin nan yana da amfani, nakan yi gardamata, hali ne. Na san akwai ƙasashen da za a naɗa ɗan koren gwamna a kira shi mawaƙin ƙasa, kuma ban sauya ra'ayi a kan wannan ba. Abin da na gani dai shi ne, a ɗaki cike da mutanen kirki masu tafi, mutum ɗaya ne aikinsa ya ji cewa waƙa ba ta ƙare ba, kuma ba ni ba ne, ni da na san amshin.

Kwalin yana falona yanzu. Ran Lahadi nakan ɗauko littafi in rera da wannan muryar tawa ta mai tallan gawayi, kuma in na kai ƙarshen baiti nakan tsaya in jira.