Masaukin Jemage a Garkar Kaka Tumba

A gidanmu na Fakku wutar da muka fi so ita ce wutar kalwa. Kakata ta wajen uba, Tumba, daddawa take yi, kalwa kuwa ba ta nuna da wuri. Tun hantsi ake ɗora ƙatuwar tukunya, a tura mata gungume, ta yi ta tafasa har bayan isha'i. Dole wani ya zauna yana ƙara ruwa yana iza wuta, Kaka kuma ba ta yarda da hannun kowa. Da yake ta zauna, mu ma sai mu zauna, ni da ƙanwata Ige da 'ya'yan maƙwabta, mu miƙe ƙafafu wajen garwashi. A nan muke samun tatsuniya. Har yau in na ji ƙamshin dafaffiyar kalwa sai in ji kamar za a kira ni da sunan da take kirana.

"Maigidana raggo," haka take ce mini, "matso nan, kar sanyi shi kashe min kai tun ba ka saya min zane ba."

Bayan gidan akwai garkarta. Mutane na shuka mangwaro da gwaiba a tasu garkar, ita kuwa abin daji take kawowa. In ta je itace ta ga ɗan tsiro, sai ta tono shi da ƙasarsa a sakaina, ta dasa, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da haka ta tara magarya da ɗinya da kalgo da gwandar daji, ga yaɗiya ta nannaɗe darni. Da safe wurin ya cika da ƙudan zuma da kurciyoyi da tsirya, bushiya na kwana ƙarƙashin ganye, mun sha ganin hawainiya tana takawa a reshe kamar mai jin tsoron ƙasa. A tsakiya akwai ɓaure, wanda ta dasa tana amarya, ya girma har inuwarsa ta rufe rabin garkar. Cikinsa jemagu suke wuni, a rataye kamar tsummoki. Can gaba kaɗan, a bakin gona, ɗorawarta take, wadda daga ita kalwar take fitowa.

Babana shi ne ɗanta na fari. A al'adarmu uwa na jin kunyar ɗan fari. Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana baki da baki, in sun haɗu a tsakar gida sai ta kau da kai. In ta ambace shi sai ta ce "wancan mutum", shi kuma ya ce "tsohuwa". Ko gaisuwa ta bakinmu take bi.

Wata shekara, da ƙarshen sanyi, ɗorawa ta yi fure, jajayen dunƙulalle suna reto a dogayen igiyoyi. Baba ya je da safe ya tarar da ƙasa ta yi ja da abin da ya zubo, ya ce jemagu ne ke cinye furen. Da ma ya gaji da su: kukansu da dare, kashinsu a kan shanya, ga inuwar ɓauren ta hana komai yi a ƙarƙashi. Sai ya yi magana da Bawa mai gatari, suka yanke jibi za a kayar da ɓauren. A ganinsa taimakon tsohuwa zai yi, in jemagu sun watse kalwarta ta ƙaru. Ige ce ta kai mata labari. Kaka ta saurara, sai ta auno kalwa ta zuba a tukunya, alhali daddawar da ta yi ba ta ƙare ba.

Daren nan Baba yana bakin turke yana tufka igiya, inda ya saba zama. Kaka ta ce hayaƙi na shiga idonta, mu koma wancan gefen murhu. Wancan gefen kuwa shi ne wanda ya fi kusa da turke. Ta gyara murya, ta ɗaga ta fiye da kullum.

"Ga ta nan tafe, tana ɗingishi."

Muka ce, "Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce a da can itatuwa tafiya suke yi. Kowace takan je gidan 'yar'uwarta su gaisa, in sun gaisa sai su haihu. Sai wata damina aka yi ruwa mai yawa, ƙafafunsu suka nutse a laka, da rana ta fito laka ta bushe, kowace ta kafe inda take. Tun daga nan babu mai zuwa gidan wata. Shekara ta zagayo, ba wadda ta yi ɗiya ko ɗaya. Sai suka yi shawara kowace ta ɗauki ɗan aike mai fiffike, ta ba shi ruwan zaƙi ya sha, ta shafa masa garin gaisuwa ya kai wa 'yar'uwarta. Magarya ta ɗauki ƙudan zuma. Wasu suka ɗauki tsuntsaye, wasu malam-buɗe-littafi.

Ɗorawa ita kaɗai ta rasa, don mai kunya ce, ba ta buɗe tulun zumarta sai rana ta faɗi. Ta kira zuma, zuma ta ce ita da magariba ta rufe ƙofa. Ta kira kurciya, kurciya ta ce mijinta ba ya barinta fitar dare.

Nan Kaka ta maƙale murya ta koma ta jemage, siririya, har Ige ta faɗi da dariya.

"Sai jemage yac ce, 'Ni ina zuwa. Amma ni ba ni da gida. Tsuntsaye sun ce ina da haƙora, ɓeraye sun ce ina da fiffike, kowa ya kore ni. Ina nika wuni?' Sai ɓaure yac ce, 'Taho, ni ina da ɗaki, ina da abin kalaci.' Kun ji yadda anka ƙulla abin, su uku."

Ta ce haka aka zauna lafiya har aka yi wani manomi mai son fili fes. Ya dubi ɓaure ya ga ƙazanta, ya sa gatari. Jemage ya dawo da asuba bai ga ɗakinsa ba, ya yi ta kewaya kututture, da rana ta dame shi ya yi yamma, ba a sake ganinsa ba. Da lokaci ya yi ɗorawa ta yi ado, ta saka jajayen 'yan kunnenta, ta buɗe tulu, ta jira. Zuma ta yi ta ɗiga a ƙasa har gari ya waye. Ta sake jira. Furen ya bushe ya zube, ko kwanso ɗaya bai fito ba. Babu kalwa, babu daddawa. Manomi ya zauna cin tuwo, ya kai loma ya ce, "Wagga miya mi as same ta?" Matarsa ta ce, "Tambayi gatarinka."

Na ce, "Kaka, to bai dasa wani ɓauren ba?"

"Ya dasa mana, raggo. Sai dai kafin shi yi inuwar da jemage ka iya wuni, haƙoran manomin sun zube, ba shi ko iya tauna tuwon." Ta tura gungume cikin wuta. "Ta ƙare, ta bi ta ƙofar baya. In ƙarya ce, hayaƙi ya tafi da ita."

Na waiwaya wajen turke. Igiyar na hannun Baba, amma ya daina tufka. Kaka kuwa ba ta dubi wajen ba.

Washegari da rana ta kusa faɗuwa ya ɗauki tocila ya ce in biyo shi. Muka yi sallar magariba a bakin gona, muka zauna ƙarƙashin ɗorawar. Da farko ƙudan zuma ne ke ta gunji a sama, sai suka ragu, suka ɗauke. Wani ƙamshi ya sauko mai nauyi, kamar na kunun da ya kwana. Wani abu ya ɗigo mini a goshi, na shafa na lasa, zaƙi. Itaciyar da na sani tun ina rarrafe tana zubo zuma da kanta cikin duhu, ban taɓa sani ba.

Sai muka ji fuka-fukai daga wajen gida. Suka fito daga ɓauren, ɗaya, biyu, sannan ba iyaka, baƙaƙe a kan jan sama. Baba ya haska wani fure da ya yi ƙasa-ƙasa. Jemage ya zo ya rungume shi kamar jariri ya kama nono, ya tura baki, ya sha, ya saki. Duka bai fi a ce bismillah ba. Cikin hasken na ga fuskarsa da ƙirjinsa sun yi fari-fari da gari, kamar wanda ya fito daga wurin niƙa. Furen ya yi ta lilo shi kaɗai. Jemagen bai koma ɓaure ba, ya miƙe gabas, inda wata ɗorawa take a gonar mutane, nesa da mu. Wasu kuma daga can suke zuwa.

Baba ya miƙa hannu ya jawo furen, ya juya shi a gaban tocila. Babu cizo, babu yaga. Ya jawo wani, haka. Ya daɗe yana kallon sama, hula har ta kusa faɗuwa, sannan na ji ya ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Ji nake kamar mun leƙa wata kasuwa da ake ci kowane dare a bayan gidanmu, ba da saninmu ba, ba kuma don mu aka kafa ta ba.

Da muka shiga gida ya tsaya a bakin turke ya ce, "Sanda, je ka ce ma tsohuwa, Bawa ba shi zuwa gobe."

Tana zaune ba ta fi taku kaɗan da shi ba, ta ji sarai. Duk da haka na je na tsuguna na faɗa mata.

"Wa at tambaye shi?" in ji ta. "Ni tatsuniya niy yi ma jikokina." Ta ɗauki ludayi ta yi ta motsa tukunyar da ba ta buƙatar motsi. Da na tashi sai ta riƙo rigata ta ce, "Ce ma wancan mutum reshen da ad bisa rumbu, shi sare shi, ya dame ni ni ma."

Reshe ɗaya aka sare. Ɓauren yana nan har yau, ya fi Kaka daɗewa a duniya, ya fi Baba.

Yanzu a Tambuwal nake zaune, furfura ta fara fito mini. Da na sami ɗan fili a bayan gari, na gina ɗakuna a gaba na bar baya. Maƙwabta suka ce in sa mangwaro ko darbejiya, masu saurin inuwa. Na sa mangwaro ɗaya don yara. Sauran kuwa daga yankinmu na Kebbe na riƙa ɗauko su a bayan babur, a cikin gwangwani: magarya, kalgo, ɗinya, sabara. Ɓaure na fara dasawa kafin ɗorawa, don na riƙe cewa masauki ake fara tanada. Wasu sun mutu, awaki sun ci wasu, na sake dasawa. Maiɗakina ta ce na mayar mata da gida daji, amma ita ce ta fara kirana in zo in ga tsirya a kan magarya. A ajin manya da nake zuwa da yamma malaminmu ya karanta mana darasi kan yadda ƙwari da tsuntsaye da jemagu ke ɗaukar garin fure daga wata itaciya zuwa wata. Ina bin layin da yatsa, amma muryar da nake ji a kunnena siririya ce, ta jemage mai neman ɗaki.

Ɗorawa ba ta gaggawa. Na yi shekaru ina ba ta ruwa tana kallona. Bana ta yi furen fari, 'yan kaɗan, ba su cika hannu biyu ba. Na damu, don duk unguwarmu ban san inda wata ɗorawa take ba, an sare su an yi gini, ga fitilu ko'ina. Na riƙa zama ƙarƙashinta bayan magariba. Jemagu sun zo, sun sha, sun tafi, ban san ina suke zuwa ba. Furen ya bushe, na ce shi ke nan, sai baɗi.

Bayan 'yan makonni na ɗaga kai na ga wasu siraran abubuwa kore suna reto, kamar yatsun jariri. Kwanso ne.

Na daɗe tsaye a wurin. A da na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada ka sare itacen gidanka. Ranar nan na ga abin ya fi haka faɗi. Wani wuri, wataƙila a gonar da ban taɓa takawa ba, akwai wata ɗorawa tsaye. Mai ita ya yi sassabe ya kewaye ta, ko an yi masa tayin itacenta ya ƙi. Bai san ni ba, ban san shi ba, ba zai taɓa jin cewa daga itaciyarsa aka ɗauko abin da ya sa tawa ta haihu ba. Na yi masa addu'a a nan tsaye, ko wane ne shi, na roƙi Allah Ya sa 'ya'yansa su bar ta.