Izinin Shagon Doguwa

Da ana komawa baya a gyara magana, akwai wata amsa da na bayar a shagonmu na Kiru da zan janye. Tambaya aka yi mini da rana tsaka a gaban mutane, ban gane ta ba, na kuma ji nauyin in ce ban gane ba. Amsar da na bayar ita ta fitar da ƙanena daga sana'ar da muka gina tare.

Kayan noma muke sayarwa: taki, iri, maganin ciyawa da na ƙwari, da injin feshi na goyo. Ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, muka fara a wata ƙaramar rumfa a Kiru. Allah Ya sa albarka muka buɗe a Bebeji, muka buɗe a Tudun Wada, daga baya Doguwa. Da yake Doguwa ta fi nisa, hanyoyin ƙauyukanta kuma sai mai haƙuri, ƙanena ya ce shi zai riƙe ta. Ya kwashi iyalinsa ya koma can.

Babban ɗana a hannunsa ya tashi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na zama hira da shi, haka muka taso muka tarar a gidanmu. Ƙanena ne ya kai shi makaranta, shi ya nema masa aure. In yana son wani abu a wurina, ta bakin Baffansa nake ji.

Da shaguna suka yi yawa sai aikin ya fi ƙarfin kaina. Manomi zai zo Bebeji neman irin masara a ce babu, alhali yana jibge a Tudun Wada. Mukan janye buhuna mu tarar da kwalayen magani a baya lokacinsu ya wuce. Ni kuma kullum ina cikin mota daga wannan gari zuwa wancan, don kawai in ga abin da ya rage da idona. Da ɗana ya gama karatu ya dawo, sai ya ce akwai wata manhajar kwamfuta da ke haɗa lissafin shaguna wuri guda. Bai faɗa mini ba, Baffansa ya faɗa wa. Ƙanena ya taso takanas ya same ni.

"Yaya, yaron nan ya zo da magana mai kyau," ya ce. "Ka bari a gwada. Gwiwoyinka ma sun gaji da motar haya."

Na yarda. Wani kamfani daga Kano ya turo ma'aikacinsa, mutum mai natsuwa. Aka kafa sola, aka ajiye kwamfuta a kan kanta. Maƙwabtan kasuwa suka cika ƙofar shago suna kallo. Cikinsu har da mai sayar da buhuna, abokin wasana tun muna yara.

"Yau Alhaji zai koma aji ɗaya," ya ce. "A nemo masa allo da alli, kuma in ya yi surutu a zane shi."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Na dubi fuskar kwamfutar na ga Turanci ne tsantsa, ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. Ma'aikacin ya juyo gare ni.

"Alhaji, wa zai riƙe babban izini?"

Ya ƙara bayani, rabinsa da Turanci. Na gyaɗa kai kamar ina biye da shi. Na nuna ɗana da haɓa na ce a ba shi komai.

"Masu riƙe da sauran shagunan fa? Duk matsayi ɗaya za a sa su, ko akwai wanda za a ɗaga?"

"Duk ɗaya," na ce. A zatona adalci na yi.

Abin da na amince da shi ke nan ban sani ba: mai riƙe da shago zai iya sayarwa ya fitar da rasit, amma ba zai karɓi kayan da aka dawo da su ba, ba zai canza farashi ba, ba zai tura kaya wani shagon ba, sai mai babban izini ya sahale daga wayarsa. Yaran da muka ɗauka aiki a Bebeji da Tudun Wada wannan ya dace da su. Amma da bakina na sa ƙanena a sahunsu, na ɗora ɗan da ya raina a kansa.

Ba zan zalunci manhajar ba, ta yi mana amfani. Daminar farko ba mu zubar da magani ko kwali ɗaya ba, don tana yin gargaɗi tun lokacinsa bai ƙure ba, sai a tura shi inda ake nema. In taki ya kusa ƙarewa a Bebeji, kafin mai shagon ya buɗe baki an ɗora masa a mota. Na daina yawon hanya. Wahalarta ita ce sabis ɗin waya. A Kiru da Bebeji ba laifi, amma a Doguwa sai ya ga dama, musamman in hadari ya haɗu.

Manoma kuwa ba su san da wannan ba. Mutum yakan aiko a saya masa maganin ciyawar masara a kai masa na shinkafa, ya dawo da shi a canza. Shekara da shekaru ƙanena yana karɓa ya duba murfin, in ba a buɗe ba ya miƙa wani. Haka ya yi a farkon zuwan manhajar. Sai ta nuna wa ɗana jan layi, cewa kayan da ke Doguwa ba su yi daidai da abin da ke ciki ba. Ɗana ya kasa tunkarar Baffansa. Karo na farko a rayuwarsa ya zo ya tsuguna a gabana da maganar aiki. Ban tambaye shi komai ba, don kada ya gane ban san yadda abin yake ba.

"A bi yadda na'ura ta ce," na ce masa. Na kuma kira ƙanena na maimaita masa haka.

"To, Yaya," ya ce.

Ya kuwa bi. Wata ranar kasuwa wani malami dattijo, mai makarantar allo a wani ƙauye bayan duwatsu, ya zo da kansa a bayan babur da galan ɗin maganin da aka saya masa ba daidai ba. Ciyawa ta taso masa a gona, yana so ya yi feshi kafin ruwa ya sake sauka. Ƙanena ya shimfiɗa masa darduma, ya tura neman izini. Babu sabis. Ya fita da waya a hannu, ya zaga bayan shago, ya hau wani tudu da ke gefen hanya yana ɗaga ta sama. Mutanen kasuwa suna kallonsa. Wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya:

"Baba, wata ake dubawa da rana?"

Wani ya ce, "A'a, ɗansa yake nema ya ba shi izini."

Har aka yi la'asar saƙon bai tafi ba. Malamin ya miƙe ya naɗe dardumar da kansa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Na ɗauka kai ne mai shagon." Ya ɗauki galan ɗinsa ya tsallaka wani shago.

Ƙanena ya zo Kiru a makon. Muka zauna a zaure, ya ba ni labarin kamar yadda na rubuta shi nan.

"Yaya, ni ba na'urar ce ta dame ni ba. Ina so in ji daga bakinka: kai ka ce a yi haka?"

A nan ne ya kamata in ce ban san abin da na amsa ba, mu kira mutumin Kano mu tambaya. Amma in na faɗi haka, na yarda ke nan cewa watanni ina zaune a kan abin da ban gane ba. Sai na ce, "Haka tsarin yake. Kuma ai kai ka kawo maganar tun farko."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Haka ne, ni na kawo."

Bai bar shagon a tsakiyar damina ba, don ba halinsa ba ne. Ya ci gaba da hawa tudun nan duk lokacin da aka dawo da kaya. Da aka gama girbi ya zo ya ajiye mini makullai, ya ce ƙarfinsa ya ragu, yana so ya koma gona da ɗan kiwo. Na san ba ƙarfi ba ne. Ban hana shi ba.

Bayan tafiyarsa ciniki ya ja baya a Doguwa, don manoman can shi suka sani. Dole ta sa na kira ma'aikacin kamfanin. Wannan karon na rufe ƙofar shago, na sa tabarau, na ce ya yi mini bayani da Hausa, a hankali, in ban gane ba ya sake. Ya nuna mini wurin da ake ɗaga matsayin mutum. Ya danna nan ya danna can, ko alwala ba za a gama ba kafin ya kammala.

"Ana iya ba mutum biyu babban izini?" na tambaya.

"Ko uku, Alhaji. Ai abin da na tambaye ka ke nan ranar farko."

Na kira ɗana na tambaye shi ko ya san da wannan. Ya ce ya sani. Ya ɗauka da gangan na yi, akwai wani dalili tsakanina da Baffansa da bai kamata ya tsoma baki ba. Ya ce duk lokacin da saƙon neman izini ya shigo daga Doguwa, kunya takan hana shi cin abinci. Shi yana zaton hukuncina ne, ƙanena ma haka, ni kuma ina zaton haka aka ƙera abin.

Na hau mota na tafi Doguwa. Na same shi a gona yana ɗaure karan dawa. Na faɗa masa komai, har da cewa tsoron dariyar mai buhuna ne ya hana ni tambaya. Na ce an gyara, izininsa yanzu daidai yake da na ɗana, ya dawo.

"Yaya, na yafe, wallahi ba komai a raina," ya ce. "Amma mutanen garin nan sun riga sun gan ni. Ko an gyara a cikin kwamfuta, su ba su da labari."

Bai dawo ba har yau. Muna zumunci, yana zuwa suna da biki, ɗana kuma yana kai masa taki kowace damina. Manhajar tana nan muna aiki da ita, yanzu ni da kaina nake duba kayan shagunan a wayata.

Roƙona ga duk mai sana'ar da zai kawo irin wannan tsari shi ne, ranar da za a kafa shi ya sallami 'yan kallo, ya zaunar da waɗanda suka gina sana'ar tare da shi. In aka zo kan wa zai iya yin me, kada ya amsa sai an faɗa masa da harshen da yake ji abin da kowane mutum zai rasa. In bai gane ba ya ce bai gane ba. Kada ya yi yadda na yi.