Tarho Na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran tarho a gidan waya na Damagaram, kuma ba hawan turakun waya da tsakar rana ne ya fi gajiyar da ni ba. Mutane ne. Waya in ta tsinke sai ka ɗaure ta, ka sauko, ka sha ruwa.

Akwai wani kamfanin sayen gyaɗa da fata a unguwar Zango, ni na haɗa musu akwatin rarraba layi. Layi ɗaya tak ke shigowa daga wurinmu, akwatin ya raba shi ga tarho biyar, da mutum guda zaune yana haɗa masu kira. A bayan akwatin kowane tarho yana da ƴar gajeriyar waya ta jan ƙarfe. In tana nan, mai tarhon zai iya kiran Kano ko Maraɗi. In an cire ta, sai dai ya yi magana da ƴan cikin kamfani kawai.

Tarho na huɗu na babban dillalinsu ne, aminin mahaifina. Bayan rasuwar mahaifin nawa shi ya shige gaba wajen neman aurena, Baba nake ce masa. Laifinsa ɗaya, gaisuwa. In ya kira abokan cinikinsa na Kano sai ya tambayi gida, da yara, da gajiya, da ruwan bana, da ƙafar da ke damun wane, kafin a taɓo maganar buhu ko ɗaya. Shi a wurinsa cinikin ke nan, don wanda ba ka tambayi lafiyarsa ba, ba zai faɗa maka gaskiyar kasuwa ba. Bature mai kamfani kuwa yana can riƙe da kan tarho, wuyansa ya yi jawur, ana ce masa ya dakata, dillali na kan layi.

Wata safiya Baturen ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce in toshe wa na huɗu hanyar fita, kuma ban da surutu. Abin da ya kamata shi ne in wuce kai tsaye wurin Baba in shaida masa. Ban je ba. Na ji nauyinsa, kuma gaskiya na ji tsoron a kai ƙarata wurin shugabana. Aikin bai fi minti biyu ba. Na zare ƴar wayar na jefa aljihu.

Washegari Baba ya aiko a kira ni, wai tarhonsa ya ƙi fita waje. Na je na kwance shi, na hura, na ƙara ɗaure kusoshin da dama a ɗaure suke, na canza batirin da ba abin da ya same shi. Na murza hannun tarhon, na kara a kunne ina girgiza kai kamar mai gaskiya, na ce zan bincika a can wurinmu. Ya ba ni goro, ya sa mini albarka.

Haka muka yi ta yi, duk bayan mako biyu ko uku, har sama da shekara. Ƙarya ma aiki ce, ta fi jan waya wahala. In zai kira Kano sai ya tako da ƙafa har gidan waya ya bi layi da kowa, dattijo mai furfura, ni kuma in laɓe bayan ƙunshin wayoyi har ya tafi. Na tsani kaina a lokacin. Maiɗakina ta ce na zama mai saurin fushi, ko tuwo aka ajiye sai na sami abin cewa.

Da aka samu ƴancin kai, Baturen ya tafi hutu bai dawo ba, aka ɗora wani namu, ɗan lakkol, wato ɗan boko, mai ƙaramin gemu. Na tafi wurinsa da murnata, na yi masa bayani, na ce minti biyu ya ishe ni in mayar. Ya ce in bar shi yadda yake, tsohon ya cika surutu. Bambancinsa da Bature kawai shi wuyansa ba ya yin ja.

A makon nan Baba ya sake aikowa. Na zauna na kwance tarhon kamar kullum. Yana kallona har na kai kusa ta uku.

"Ɗana, rufe abin nan," in ji shi. "Lafiyarsa ƙalau."

Ashe mai haɗa kiran ya faɗa masa komai tun ranar farko. Na rasa inda zan sa idona. Da ƙyar na tambaye shi me ya sa ya yi ta kirana.

"Ba gyara nake jira ba. Jira nake ka faɗa mini da bakinka, yadda ubanka zai yi. To, na gaji. Kai ma na ga ka gaji."

Ya miƙo mini goro kamar yadda ya saba, na karɓa da hannu biyu. Na daɗe ina mayar da kusoshin nan. Bai sake aikowa a kira ni ba, kuma da ya tashi aurar da autarsa, a bakin mutane na ji.