Jorina da Shayin Manaja

Yau bakina ya ƙi rufuwa, saboda ƙanwata Jorina.

Tun rasuwar Inna muka baro ƙauye zuwa birnin Narayanganj. Ni ina tuƙa keken haya, ita tana ɗinka wuyan riga a masana'antar tufafi. Ba ta da kowa sai ni, sai matan layinsu na ɗinki. Da rana a matakala suke zama, kowacce ta buɗe kwanonta, ana miƙa wa juna barkono da busasshen kifi.

Ƙofar bayan masana'antar kullum da sarƙa take, wai kada a saci riga. In wuta ta tashi, sai dai Allah. Da suka kafa ƙungiyar ƙwadago, Jorina suka tura ta ce a cire.

Manaja ya ba ta kujera, ya sa aka kawo shayi. Tarbiyyar Inna, babba ya miƙo mata abu ta ƙi? Ta sha. Ashe matan na leƙe ta taga. A wajenmu kuwa, wakili ya sha shayin manaja, to an saye shi.

Washegari ta zo matakala, kowa ya matsa. Wata Hasna, uwar baki, ta ce, "Ranki ya daɗe, sukari ya ji kuwa?"

Duk daminar nan ita kaɗai take cin abinci, a bayan janareto. Kullum kwanonta sai ya dawo gida da rabi. Na ce, "Ke, ki bar musu ƙungiyarsu mana!"

Ta ce, "Yaya, sarƙar fa tana nan."

Yau aka kira zama na biyu, ta ƙi hawa ofis. Ta kashe keken ɗinkinta, ta je gindin ƙofar ta tsaya. Ba wuya, ba riga, aiki ya cunkushe. Can wata ta kashe nata keken, wata ma ta kashe, har ɗakin ya yi tsit.

Manaja ya sauko yana gumi. "'Yata, zo mu sha shayi, mu yi magana."

Ta ce, "Na ƙoshi, Yallaɓai. Makulli."

A gaban kowa ya cire sarƙar!

Duk da haka bayan janareto ta koma, ita kaɗai. Hasna ta bi ta, ta ɗora mata kifi kan shinkafa ta wuce.

Kwanon ya dawo wayam. Ni na wanke shi da kaina.