Wutar da Maƙwabcina Ya Ja Min

Duk abin da zan manta na zamana a Samaru, ban da yammacin da bakina ya kunyata ni a tsakar gidan haya.

Ina aji uku a jami'a lokacin, ni ba mai magana ba ne, daga ɗaki sai laburare. Maƙwabcina wanzamin zamani ne, mutumin kudancin Kaduna, ya girme ni sosai. Yana da ɗan ƙaramin janareta da ya sayo a Sabon Gari saboda aski. Da ya ga ina karatu da kyandir, sai ya ja min waya ta taga, ya sa min ƙwan lantarki ɗaya. Ban roƙa ba, bai kuma taɓa karɓar komai ba. Jarabawa ta matso, ga shi unguwarmu ta daɗe babu wuta, wannan ƙwan shi ne gatana.

Ranar da abin ya faru, 'yan ajinmu suka zo bita, muka shimfiɗa tabarma. Wata a cikinsu ta hango injin ta ce, "Wai me ya sa ake ce masa ai fas mai nebo?"

Yau ga abin da na sani, ga kuma masu sauraro. Na gyara zama, na ce Turancin buroka ne, ma'anarsa na fi maƙwabcina. Daga Kudu sunan ya zo, lokacin da ƙananan injinan suka yi arha har talaka ya iya saye. Da na tsaya nan da na tsira. Amma da na ji sun yi dariya sai daɗi ya ɗebe ni.

"Ai mai sayensa ba haske yake nema ba," na ce, "so yake maƙwabci ya ji ƙara, ya shaƙi hayaƙi, ya san an fi shi."

Ashe mutumin yana tsugune bayan tankin ruwa, yana haɗa fetur da baƙin mai. Ya taso da galan a hannu, ya dubi wani abokina ya ce, "Ɗan'uwa, ɗaga ƙafarka kaɗan. Wayar ɗakinsa ka taka."

Duk suka bi wayar da ido, daga injin har tagata. Babu wanda ya ƙara dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da magariba ƙwan ya kama kamar kullum, amma na kasa karanta ko layi ɗaya. Na je na ba shi haƙuri, ina ta in-ina.

"Ba komai, Malam," ya ce. "Je ka yi karatunka."

Malam! Mutumin da tun zuwana gidan ƙanena yake ce min. Bai yanke wayar ba har na gama jarabawa, amma ban sake jin ya ce min ƙanena ba.

Tun daga ranar na gane cewa sanin asalin suna daban, sanin zuciyar mutum daban. Duk dariyar da za ta ci mutuncin wanda ya taimake ka, gara ka haɗiye ta.