Tol Mai Numfashi

Sale ƙanena ne, ni na goya shi, don haka duk mai cewa ya haukace sai ya fara biyowa ta kaina. Ya daɗe a Aljeriya yana aikin ƙarfe, ya dawo Tasawa da mashin mai yanka tol, wato farantin ƙarfe. Tebur ne babba, a shimfiɗa farantin ƙarfen a kai, ordinata, wato kwamfuta, ya ja bakin wuta ya bi zane ya yanke. Ni ina dama fura a ƙofar atiliyensa, shagon aikinsa ke nan, har na haddace karatunsa: in bakin wuta ya yi sama, zafi ya bazu, tol ya kumbura ya lanƙwashe, in ya yi ƙasa ƙwarai ya daki ƙarfe. Ratar ba ta wuce kaurin sakaina ba. Da sakaina ma yake aunawa, wata 'yar baƙa da ba ta rabuwa da aljihunsa.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki damina ta yi gardama. Rijiyar Issawane ta ja baya, aka kira autanmu Maharazu, mai haƙar rijiya, ya ƙara mata zurfi. Sale ya yanka tol ɗin tokare yashi, ya kai da kansa. Yana tsaye a bakin rijiyar, rana tsaka, gefe ya zame. Tol guda ya rufe Maharazu, yashi ya bi ya danne gefunan tol ɗin. Daga sama Sale na kallon tsakiyar tol ɗin tana ɗagawa tana komawa. Kafin a tone ta daina. Allah ya jiƙan Maharazu.

Bayan an tashi makoki Sale ya koma aiki. Tol na farko ya ɗan taso, abin da siririn ƙarfe ya saba yi. Sai na ga ya murɗa ya ɗaga bakin wutar. Tol ya ƙara tasowa, ya ƙara ɗagawa.

"Kai Sale, mi kake yi? Ba kai ka ce a sama yake kumbura ba?"

"Yaya, kar in ƙone shi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada wani daga barci.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na ce wa za ka ƙone? Ya ci gaba da murɗawa.

Tun ran nan kowane aiki a karkace yake fitowa, masu kawo aiki suka watse. Iyakar ƙasa a rufe, tol ya yi wuya, hatsi ya fi shi, ga gida biyu suna ci daga wanga mashin, har da marayun Maharazu. Na yi faɗa, na yi zagi, na yi kuka. Amma ba zan ɓoye ba, ni ma na gani: an kashe mashin, atiliye tsit, tsakiyar tol tana sauka a hankali tana ƙas, ƙas. Tsoro ya hana ni shiga ni kaɗai.

Aiki ɗaya ya rage, ƙofar rumbun hatsin mutanen Korgom, tol ma ɗaya. In ya lalace sai sai da mashin. Na aika Maraɗi aka zo da Rabi'u mai gyara. Ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Inna, mashin lafiyarsa lau. Bakin wutar aka ɗaga." Ƙarar da nake ji kuwa, wai ƙarfe ne ke hucewa.

Na zura hannu aljihun Sale na ciro sakainar, bai hana ni ba. Rabi'u ya sa ta a ƙarƙashin bakin wutar ya sauke shi daidai. Wuta ta bi zane ta gama. Tol kwance lif, ko gezau. Na ce Alhamdu lillahi, marayu sun ci!

Sale ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, da sauran ɗuminsa. Ya kara kunne, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, ya daina motsi."